Tangaɗi da 'Yan'uwansa: Nazari a Kan Kalmomin Tafiya Marar Daidaito a Hausa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalma guda mai faɗi wadda ta tattara duk wani ɗaga ƙafa da sauke ta don barin wani wuri zuwa wani, watau tafiya. To, amma da wuya mai magana ya tsaya a kan wannan kalma ita kaɗai idan abin da idonsa ya gani ya saɓa wa yadda aka saba. Da zarar tafiya ta karkace sai a ji an ce wane yana tangaɗi, wane yana ɗingishi, wane ya yi taga-taga, wane kuwa ga shi can tafe buguzum-buguzum.

Ɗalibi mai gaggawa yakan ɗauki waɗannan kalmomi a matsayin masu ma'ana ɗaya, ya riƙa musanya wannan da waccan yadda ya ga dama. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lamarin ba haka yake ba. Kowace kalma daga cikinsu tana ɗauke da labari iri uku: abin da ya jawo tafiyar ta lalace, tsawon lokacin da lalacewar ta ɗauka, da kuma irin hukuncin da mai magana ya yanke wa mai tafiyar. Saboda haka kuskuren zaɓen kalma a wannan fage yana iya zama ɓata sunan mutum, yana kuma iya ɓoye ciwon da ya kamata a gane da wuri.

2.0 Waiwaye

Ba yau masana suka fara lura da irin waɗannan kalmomi a harsunan Afirka ba. A shekarar 1907 Bajamushen nan Diedrich Westermann ya wallafa nahawun harshen Ewe, wanda ake magana da shi a Gana da Togo, inda ya jera kalmomi fiye da 30 da ke biyo bayan aikatau na tafiya don sifanta yadda ake yin ta. A 1910 wani masani Bafaranshe, Lucien Lévy-Bruhl, ya ɗauki wannan jeri ya kafa hujja da shi cewa masu irin waɗannan harsuna sun fi karkata ga zayyana abin da ido ya gani ɗaya bayan ɗaya, maimakon tattara shi a ƙarƙashin ma'ana guda. Hausa kaɗai ta isa ta raunana wannan ra'ayi, domin ga kalmar tafiya nan ta tattara kome, sa'an nan ga sauran kalmomin suna rarrabewa. Harshen da ya mallaki gamammiyar kalma da keɓaɓɓu a lokaci guda ba a ce ya gaza ba.

A 1935 C. M. Doke ya ba wannan rukuni na kalmomi ma'anar da manazarta suka fi bi, rukunin da a nazarin Hausa ake kira amsa-kama. Ta fuskar Hausa kuwa, ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sun taskace ɗimbin amsa-kama. Paul Newman ya duba matsayinsu a cikin jimla a 1968, M. K. M. Galadanci kuma ya yi musu nazari na musamman a 1971. Abin da wannan maƙala ta sa gaba ƙaramin yanki ne na wannan fage, kuma ba ta tsaya ga amsa-kama kaɗai ba, domin Bahaushe yana sifanta karkatacciyar tafiya da wasu azuzuwan kalmomi ma.

3.0 Rabe-rabensu ta fuskar nahawu

Ana iya kasa kalmomin gida huɗu.

(a) Sunaye masu nuna aiki. Misalansu su ne tangaɗi, layi, ɗingishi, tuntuɓe, rarrafe, lalube, tatata. Waɗannan sukan biyo bayan aikatau yi, ko su zo kai tsaye bayan lamirin lokaci mai ci:

1. Tsohon ya yi tuntuɓe a bakin zaure.
2. Yarinyar tana ɗingishi tun jiya.

Wasu daga cikinsu suna da aikatau da suka fito daga saiwa ɗaya, kamar ɗingisa da ɗingishi, rarrafa da rarrafe, laluba da lalube. A lura da yadda s ta ɗingisa ta koma sh a gaban wasalin i, wanda kuwa sananniyar ƙa'ida ce ta ganɗantawa a Hausa.

(b) Bayanau na yanayi. Ana gina su daga aikatau, su ƙare da wasalin e, harafin a kuma ya gabace su: a karkace daga karkata, a daddafe daga daddafa, a dudduƙe daga dudduƙa, a tattale daga tattala ƙafafu. A nan ma ga ganɗantawa, inda t ta karkata ta zama c. Ninkin gaɓar farko da ake gani a daddafe da dudduƙe yana nuna maimaituwar aiki, watau mutum ya dafa nan ya dafa can kafin ya kai inda za shi.

(c) Amsa-kama. Misalansu su ne tangal-tangal, taga-taga, buguzum-buguzum, tinƙis-tinƙis, luu. Waɗannan ma ba halinsu ɗaya ba a jimla. Buguzum-buguzum da tinƙis-tinƙis suna bukatar a ambaci tafiyar kafin su zo, suna aiki a matsayin bayanau. Tangal-tangal da taga-taga kuwa suna tsayawa da ƙafarsu kamar sunaye:

3. Yana tafe buguzum-buguzum.
4. Yana tangal-tangal.
5. Ya yi taga-taga zai faɗi.

(d) Kwatance da dabbobi. Tafiyar agwagwa ita ce ta mai jefa jiki dama da hagu da gajeren taku. Tafiyar hawainiya kuwa ta mai jinkiri ce, domin hawainiya takan ɗaga ƙafa ta yi gaba ta yi baya kafin ta sauke ta.

4.0 Rabe-rabensu ta fuskar ma'ana

Rabon nahawu yana nuna inda kalma take zama a jimla. Rabon ma'ana shi ne yake nuna dalilin da ya sa ba a musanya su. Tambayar da ta fi amfani a nan ita ce: daga ina matsalar ta taso?

4.1 Idan matsalar daga kai take

Akwai tafiyar da ƙafafu lafiyarsu lau, amma jiki duka ya kasa tsayawa a kan saiti. Wannan shi ne gidan tangaɗi da layi da tangal-tangal da taga-taga da luu.

Tangaɗi shi ne mutum ya riƙa kaucewa daga miƙaƙƙiyar hanya, ya yi nan ya yi can ba da nufinsa ba. Mashayi yana tangaɗi, mai jiri yana tangaɗi, wanda aka maka wa sanda a ka yana tangaɗi, har kwalekwale ma yana tangaɗi a kan ruwa idan iska ta taso. Kalmar ta faɗi abin da aka gani, ta bar ƙofa a buɗe game da dalili, ko da yake maye ne yakan fara zuwa zuciyar mai sauraro.

Layi ya fi tangaɗi kusa da zargi. Idan aka ce an ga wane yana layi a kan titi da dare, mafi yawan masu sauraro ba za su tambayi abin da ya same shi ba, sun riga sun yanke cewa ya sha wani abu. Shi ya sa mai son ya wanke wanda yake magana a kansa yakan ƙara bayani, ya ce yana layi don yunwa, ko barci ne ya sa shi layi. Wannan kalma daban take da layi na jeri ko na unguwa, wanda aro ne daga Ingilishi. Rubutunsu ne ya zo ɗaya, muhallin magana kuwa yana raba su.

Tsakanin tangal-tangal da taga-taga bambancin na lokaci ne. Taga-taga abu ne na ɗan ƙiftawar ido, wanda yakan biyo bayan turi ko tuntuɓe: mutum ya yi 'yan taku da sauri ba shiri yana neman ya tsaya. Don haka ta fi zama da shuɗaɗɗen lokaci, kuma kusan kullum maganar faɗuwa tana biye da ita. Tangal-tangal kuwa hali ne mai ɗorewa, na abin da bai kafu ba, bai kuwa faɗi ba. A gwada waɗannan:

6. Ya tashi daga jinya, ya wuni yana tangal-tangal.
7. Ya tashi daga jinya, ya wuni yana taga-taga.

Jimla ta 6 ta zauna daram. Ta 7 kuwa kunne ba ya karɓarta da sauƙi, sai fa in ana nufin an yi ta tura shi ne har yamma. Haka kuma tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya yana tangal-tangal, tulu a kan yarinya yana tangal-tangal, amma ba a cewa sun yi taga-taga, domin taga-taga sai mai ƙafar takawa.

Luu ita ce ƙarshen zango. Ba taku a cikinta, jiki ne ya tafi gaba ɗaya ta fuska guda a hankali, kamar na wanda hajijiya ta ɗiba. Jan wasalin da ake yi wajen furta ta shi ne tsawon tafiyar jikin kafin ya kai ƙasa ko a tare shi.

4.2 Idan matsalar daga ƙafa take

Ɗingishi, wanda wasu ke furtawa ɗangyashi, shi ne tafiyar mai tausaya wa ƙafa ɗaya. Yana sauke ta a taƙaice, ya yi maza ya mayar da nauyi a kan ɗayar. Hankalinsa yana tare da shi, hanyarsa kuma a miƙe take, takun ne kawai bai yi daidai ba. Ƙaya da targaɗe da faso da gyambo duk suna sa ɗingishi. A da kurkunu yana cikin manyan masu sa manoma ɗingishi a ƙauyuka, sau da yawa a daidai lokacin aikin gona, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa an kawar da shi daga Nijeriya da Nijar.

Jan ƙafa daban yake da ɗingishi. Mai ɗingishi yana ɗaga ƙafar, zafi ne yake hana shi dogara a kanta. Mai jan ƙafa kuwa ɗagawar ce ta gagara, sai ƙafar ta biyo shi tana share ƙasa, kamar yadda ake gani ga wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma tafiya a tattale, ta mai ƙurji a cinya ko yaron da aka yi wa kaciya, da tafiyar mai gwame, wanda gwiwoyinsa ke haɗuwa ƙafafun su ware daga ƙasa. Ta farko larura ce mai wucewa, ta biyu kuwa halitta ce.

4.3 Idan matsalar nauyi ce ko gajiya

Tinƙis-tinƙis tafiyar wanda nauyi ya danne ce: mace mai tsohon ciki, ɗan dako da buhu a ka, matafiyin da ya yini a hanya. Akwai tausayi a cikin kalmar. Buguzum-buguzum kuwa ba tausayi a cikinta. Tana sifanta mai jiki ko mai tarin tufafi da ke tafe ba tsari ba fasali, kome nasa yana kaɗawa. Duk wanda aka ce ya shigo taro buguzum-buguzum an yi masa dariya ke nan, ko da mai maganar bai murmusa ba.

4.4 Farkon rayuwa da ƙarshenta

Yaro yakan fara da jan ciki, ya koma rarrafe, sa'an nan ya kama tatata, watau 'yan takun farko da yake yi manya na riƙe da hannuwansa ko suna miƙo masa nasu. Ta fuskar motsi tatata ba ta da wani bambanci mai yawa da tangal-tangal, amma ba uwar da za ta ce ɗanta ya fara tangal-tangal. Tatata kalmar murna ce, domin rashin daidaiton da ke cikinta alamar ci gaba ne. Bahaushe ya ce da rarrafe yaro kan tashi.

A ɗaya gefen kuma ga tsoho yana tafe a dudduƙe, yana dogara sanda, ko ya fito a daddafe yana bin bango. Waɗannan kalmomi ne masu ladabi. Suna faɗin wahalar ba tare da sun taɓa mutuncin mai ita ba.

4.5 Idan matsalar daga hanya take

Wani lokaci mai tafiya lafiyarsa ƙalau, hanyar ce ta ƙi. Dutse ya sa shi tuntuɓe, santsi ya kwashe shi, duhu ya sa shi lalube, taɓo ya sa shi tafiya caɓal-caɓal. Kalmomin wannan rukuni suna ɗauke laifi daga kan mutum su ɗora wa ƙasa. Daga wannan muhalli ne aka sami taka-tsantsan, wadda asalinta umurni ne ga mai taku, ta zama sunan kowace irin kiyayewa.

5.0 Iyakar tangaɗi da rangaji

Abin sha'awa shi ne Hausa tana da wani jeri na kalmomi masu sifanta kusan motsi iri ɗaya, amma da yabo. Rangaji da rangwaɗa da rausaya duk karkata jiki ne dama da hagu. Amarya tana rangwaɗa, mai rawa yana rausayawa, reshen bishiya yana rangaji idan iska ta kaɗa. Wanda ya hango mai rangaji da mai tangaɗi daga nesa zai iya kasa raba su. Abin da ya raba su shi ne iko: mai rangwaɗa shi yake juya jikinsa, mai tangaɗi kuwa jikinsa ne yake juya shi. A nan ake gane cewa kalmomin ba hoton motsi kaɗai suke ɗauka ba, har da abin da mai magana ya fahimta game da halin mai motsin.

6.0 Sauti da ma'ana

Yawancin kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa, amma amsa-kama sukan ƙare da baƙi, kamar yadda ake gani a tangal, buguzum, tinƙis, caɓal. Wannan rufaffiyar gaɓa ta ƙarshe tana ba kunne jin saukar ƙafa a ƙasa. Cikakken ninki kuma ya dace da aikin da ƙafa biyu ke yi, rabin kalma na dama, rabi na hagu.

Haka nan akwai alaƙa tsakanin irin baƙaƙen da nauyin abin da ake sifantawa. Baƙaƙe masu ziza irin su b da g da z, tare da wasalin u da m a ƙarshe, sukan tafi da abu mai nauyi, kamar a buguzum da rugum. A kwatanta da saɗaf-saɗaf ta mai sanɗa, ko ƙwas-ƙwas ta takalmi mai tsini, inda sautin yake da kaifi da rashin nauyi. Za a kuma lura da yawan kalmomin karkata da suka ƙunshi ang a farkonsu: tangaɗi, tangal-tangal, rangaji, rangwaɗa, langaɓe. Wannan karkata ce ta harshe, ba doka ba ce, domin hanga da ganga suna da sautin amma ba ruwansu da karkata.

7.0 Aron ma'ana

Da yawa daga cikin kalmomin sun bar ƙafa sun shiga wasu fagage, kuma kowace ta tafi da ainihin ma'anarta. Ana cewa kasuwanci ko aure ko mulki yana tangal-tangal, watau bai rushe ba amma bai kafu ba. Ana cewa hukuma tana jan ƙafa, ko aiki yana tafiyar hawainiya. Sabuwar ƙungiya tana tatata, bincike marar jagora lalube ne a cikin duhu, wanda ya gama karatu da ƙyar an ce ya gama a daddafe. Kuskuren magana tuntuɓen harshe ne, na rubutu kuma tuntuɓen alƙalami, kalmar da ke nuna ba da gangan aka yi ba. Har ma akan ƙarfafa wa wanda ya yi kuskure gwiwa da cewa tuntuɓe gushin gaba ne.

Wannan aro hujja ce a kan abin da aka faɗa a baya. Da tangal-tangal da taga-taga ma'anarsu ɗaya ce, da an ji ana cewa tattalin arziki yana taga-taga kamar yadda ake cewa yana tangal-tangal. Ba a cika jin haka ba, domin halin da tattalin arziki ke shiga mai ɗorewa ne.

8.0 Inda bambancin yake da nauyi

Wuri na farko shi ne ɗakin likita. Dangin marar lafiya da suka ce yana ɗingishi sun nuna wa likita ƙafa ko ƙugu. Waɗanda suka ce yana jan ƙafa tun safe sun nuna masa jijiya ko ƙwaƙwalwa, kuma wannan lamari ne na gaggawa. Waɗanda suka ce yana tangaɗi sun nuna abin da ke riƙe daidaiton jiki, watau can cikin kunne ko sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Tafinta da ya tattara duka ukun ya ce ba ya iya tafiya sosai ya zubar da rabin bayanin.

Na biyu shi ne mutuncin mutane. Mai ciwon sukari da sukarin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai yana iya tafiya tamkar mashayi, har maganarsa ta sarƙe. Idan wanda ya fara ganinsa ya ce ga wani can yana layi, jama'a za su tsaya kallo ne maimakon su kai ɗauki, kuma sunan da aka ɓata a unguwa ba ya gyaruwa da sauƙi. Kalma ɗaya ta raba tsakanin taimako da tsegumi.

Na uku shi ne ladabin magana game da masu larura. Cutar shan inna ta bar mutane da yawa a ƙasar Hausa da rarrafe ko dogara sanda, kuma ko da yake an tabbatar a 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikin jama'a. Sifanta tafiyarsu da amsa-kama na ban dariya, ko mayar da sifar ta zama laƙabi, abu ne da tarbiyyar Bahaushe ta hana. Marubucin da ya san nauyin kalmominsa zai ajiye buguzum-buguzum ga wanda ya jawo wa kansa, ya nemi kalma mai tausayi ga wanda aka jarrabta.

Na huɗu shi ne rubutu da fassara. Sau da yawa a rubuce-rubucen ɗalibai akan tarar da ƙyar ta mamaye gurbin duk waɗannan kalmomi: ya tashi da ƙyar, ya tafi da ƙyar, ya iso da ƙyar. Ba kuskure ba ne a nahawu, amma mai karatu bai ga kome ba. Da an ce ya tashi a daddafe, ya yi taga-taga a bakin ƙofa, ya kama hanya yana ɗingishi, da mai karatu ya san ciwon, ya san wurinsa, ya kuma san yadda zai ji game da mutumin.

9.0 Kammalawa

An ga cewa kalmomin tafiya marar daidaito sun kasu gida huɗu ta fuskar nahawu, sun kuma rarrabu ta fuskar ma'ana gwargwadon inda matsalar ta taso: kai, ko ƙafa, ko nauyi, ko shekaru, ko hanya. An ga yadda lokaci ya raba taga-taga da tangal-tangal, yadda iko ya raba rangaji da tangaɗi, da yadda zargi ya raba layi da sauran 'yan'uwansa.

Kalmomin da aka kawo a nan na daidaitacciyar Hausa ne, waɗanda aka fi ji ko'ina. Kowane karin harshe yana da nasa ƙari, musamman a fagen amsa-kama, inda Basakkwace da Bakatsine da Badamagare kan bambanta da Bakano a baƙi ko wasali ko ma kalmar ɗungum. Aiki ne da ke jiran ɗaliban sashen Hausa kowa ya koma garinsu ya zauna da tsofaffi, ya tattara irin waɗannan kalmomi tare da jimlolin da aka faɗe su a ciki da kuma wanda aka faɗa dominsa, domin a jimla ne ake gane ko kalma ta tausayi ce ko ta ba'a.